Shanun Garba Direba

Faruk ya dawo Gusau daga Kaduna da satifiket ɗaya, da jakar kwamfuta, da sabuwar ɗabi'ar yin tsaki duk lokacin da ya ga mutum yana rubutu da biro. Kwas ɗin da ya yi gajere ne, amma hoton da aka ɗauka ranar rufewa babba ne, kuma shi ne a tsakiya.

Gwaggonsa, Hajiya Asabe, tana da babban shagon abincin dabbobi a bakin kasuwa: angurya, dusa, kanwa, gishirin lasa, maganin tsutsa. Yawancin masu sayen kayanta makiyaya ne na rugagen Bunguɗu da Tsafe. A lokacin tana shirin buɗe reshe a Tsafe, kuma ba ta faɗi wanda za ta damƙa wa makulli ba. Faruk kuwa ya riga ya faɗa wa abokansa cewa shi ne.

"Gwaggo," ya ce da ita wata safiya, "shagon nan naki da ikon Allah kawai yake tafiya."

"To da ikon wa kake so ya tafi?"

"Ina nufin babu tsari."

Ya jawo kujera ya yi mata bayani. A kan kantar shagon akwai tsohuwar kwamfuta mai manhajar kula da abokan ciniki, inda ake shigar da sunan kowa, da lambar wayarsa, da abin da ya saya. Faruk ya ce wannan manhaja zaman banza take yi. Shi zai haɗa ta da babban rumbun intanet, wanda masana suke kira girgije, inda manyan injuna suke lissafi ba dare ba rana. In suka haɗu, na'ura za ta san kowane makiyayi, ta san ranar da shanunsa suke bukatar magani, ta kira shi da kanta.

"Ta kira shi ta ce mishi mi?"

"Ta tuna masa."

"Ta iya gaisuwa? Don Ardo Isma'ila in ba ka tambayi gajiya da iyali da shanu ba, bai fara jin ka ba."

"Zan koya mata. Gwaggo, a Kaduna na haɗa wanda ya fi wannan."

Wanda ya haɗa a Kaduna na gwaji ne. Abokan cinikin da ke ciki malamin ne ya ƙirƙire su, kuma babu mai saniya a cikinsu.

Hajiya ta dube shi har ya fara gyara wuyan rigarsa. Sannan ta ce, "In abin ya yi aiki ranar buɗe Tsafe, makulli naka ne. In ya ba ni kunya gaban mutanena, ko tabarmar shagon ba za ka riƙe ba."

"Ki fara sa a yi wa makullin maɗauri," in ji Faruk.

Matsalar farko wani gurbi ne a manhajar da sai an cike shi da lamba. Rumbun intanet ya ce ba zai yi lissafin magani ba sai an gaya masa yawan shanun kowane mutum. Faruk ya ga wannan ba wani abu ba ne, tambaya ce kawai. Aka yi sa'a ranar Ardo Isma'ila, babban mai sayen kayan shagon tun zamanin marigayi mijin Hajiya, ya shigo gari gaisuwa. Bayan an ba shi ruwa, Faruk ya durƙusa da kwamfuta a cinya, ya karɓi lambar ƙaramar wayar da ke aljihun Ardo, sannan ya ce, "Ardo, shanunka nawa?"

Mai auna dusa ya tsaya da kwano a sama.

"Alhamdulillahi," in ji Ardo.

"Na'am. Amma nawa?"

"Suna gaishe ka."

"Lamba nake so, Ardo. Gurbin ba ya karɓar magana."

"Ni ina nag ga shanu, ɗana? 'Yan maruƙa ne na marayu anka ba ni riƙo."

Kowa a wannan ƙasa ya san ba a tambayar makiyayi yawan shanunsa, in an tambaya ma ba ya faɗi. A da saboda jangali ne da bakin mutane, yanzu kuma saboda abin da ya fi jangali. Mai babban garke zai ce 'yan ƙwarori ne, su ma na ƙanensa ne. A nan aka haifi Faruk, amma kwas ya shafe masa. Ya ci gaba da tambayar duk wanda ya shigo. Wani ya ce nasa sun mutu bara, yana faɗi ana loda masa angurya a mota. Wani ya ce shi bai taɓa ganin saniya kusa ba. Na ukun ya ajiye kanwar da ya ɗauka ya fita ba sallama.

"Jahilci," in ji Faruk. "Ba komai. Na'ura za ta ƙirga da kanta."

Ya sa rumbun ya riƙa duba abin da mutum ya saya, buhun angurya kaza, kwalbar magani kaza, ya fitar da yawan bakunan da suka ci. Wannan dabara, a faɗi gaskiya, ba ta da laifi. Ita ce ta ƙarshe da ba ta da shi.

Ranar haɗawa ya hana kowa taɓa kantar shagon, ya sa tabarau. Rumbun ya tambaye shi da me za a riƙa gane mutum, da suna ko da lambar waya. Ya duba sunaye ya ga Umaru ya yi yawa, sai ya zaɓi lamba. Nan take wani jan rubutu ya fito yana gargaɗin cewa sunaye masu ɗimbin yawa suna kan lamba ɗaya, a haɗe su ko a bari?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Makiyayan bayan Nahuce ba sa zuwa Gusau don buhun dusa. Saƙo suke ba Garba, direban a-kori-kura, ya loda ya kai musu har bakin ruga. Duk wanda aka tambaya lamba a cikinsu sai ya ba da ta Garba, ya ce in an samu Garba an same shi. Har kayan Ardo a kan wannan lamba suke. Kowa a shagon zai iya gaya wa Faruk haka, da ya tambaya. Ya danna haɗewa.

"Gwaggo, na gano ɓarna," ya ce. "Mutum ɗaya an yi ta rubuta shi da sunaye barkatai. Na tace shi."

"Wane ne?"

"Wani Garba. Babban mutum ne ƙwarai. Ki riƙe shi da kyau."

Hajiya ta bi Garbobin da ta sani a ranta, manya da matsakaita. Ba ta kawo wanda ke zaune a kan tayar motarsa a ƙofar shagon yana cin rogo da ƙuli ba.

Da yake yawancin mutanen ba karatun boko suke yi ba, Faruk ya sa saƙon ya zama na murya. Muryar mace ce mai sanyi, wadda ba ta gaggawa. Ya koya mata gaisuwa kamar yadda ya yi alkawari.

Garba kuwa yana da al'adar jona wayarsa da lasifikar mota don fasinja su ji wa'azi. Suna kan hanyar Bunguɗu, mutum uku a gaba, sauran a baya bisa buhuna, sai wa'azi ya yanke.

"Assalamu alaikum, Alhaji Garba. Ina gajiya, ina iyali, ina shanu? Bisa lissafinmu, shanunka dubu ɗaya da ɗari takwas lokacin ba su maganin tsutsa ya yi. Allah ya ƙara albarka."

"Amin," in ji wani tsoho a gaba, don ya saba.

Wa'azi ya dawo. Babu wanda ya saurara.

"Kuskuren lamba ne," in ji Garba.

"Garba tac ce," in ji tsohon.

"Alhaji tac ce. Ni na je Makka?"

"Wannan kuma tsakaninka da Allah," in ji tsohon. "Hali dai ka samu."

Wata mata ta leƙo ta tagar baya. "Garba, ka ji tsoron Allah. Shekara nawa kana sa mu tura wagga mota?"

Washegari da hantsi Garba ya shigo shagon, matarsa Jummai tana biye. Faruk yana bayan kanta yana nuna wa wasu abokansa yadda layuka suke hawa da sauka a allon kwamfuta.

"Injiniya," in ji Garba, "kai ka ba ni shanu?"

Sai a lokacin Faruk ya haɗa sunan da fuskar. Bai nuna ba. Ya ce, "Na'ura ba ta ba da komai. Abin da ta gani take faɗi."

"To ta zo ta nuna min inda tag gan su, in sayar da ɗaya in sai taya."

"Ni ba matar da ta kira shi ce ta dame ni ba," in ji Jummai, tana magana da Hajiya. "Shanun ne. Hajiya, da nonon saye nake dama fura a gidan mutumin nan."

"Ban da shanu, Jummai!"

"Haka babana yake cewa."

Garba ya juya ga Faruk ya fara lissafo abin da ya same shi. Limamin garinsu, Nahuce, ya aiko a tambaye shi zancen zakka. 'Yan tasha sun naɗa shi shugaban kwamitin rufin masallaci ba tare da an nemi ra'ayinsa ba. Surukansa, waɗanda suka shekara ba su amsa gaisuwarsa da kyau ba, sun aiko da zabi biyu. Sannan ya rage murya. "Kuma ka san ƙasar da muke ciki. So kake a tare ni a hanya a ce in kawo abin da ban da shi?"

Hajiya ta ajiye carbinta a kan kantar shagon.

"Ƙaramin abu ne," in ji Faruk da sauri. "Kafin la'asar za ta kira ka ta ba ka haƙuri. Ka tara duk wanda kake so ya ji."

Ya buɗe manhajar shagon ya goge duk cinikin da ke ƙarƙashin sunan Garba, ya sa a sake kiran sa. Abin da ya manta, ko kuma ranar da aka koyar yana wajen ɗaukar hoto, shi ne haɗin da ya yi hanya biyu ne. Rumbu ya ga shago ya rasa bayanai, ya tausaya ya maido masa. Shago ya ga sabbin bayanai sun shigo, ya yi ladabi ya aika wa rumbu. Rumbu ya karɓa ya ɗora a kan na da.

Da la'asar Garba ya tara direbobi da kamashon tasha da mai shayi a jikin motarsa, ya ƙure lasifika.

"Assalamu alaikum, Alhaji Garba. Ina gajiya, ina iyali, ina shanu? Muna ba da haƙuri, an yi kuskure a lissafin baya."

"Kun ji ko?" in ji Garba.

"Shanunka dubu uku da ɗari shida ne. Allah ya ƙara albarka."

"Tabarakallah," in ji kamasho. "Daga hantsi zuwa la'asar."

"Wane iri kake kiwo, Alhaji?" in ji mai shayi. "A taimaka mana da ko mace ɗaya."

Daga ranar Garba ya daina bin hanya ɗaya sau biyu a jere. Faruk kuma ya yanke shawarar maza: ya share Garba gaba ɗaya daga kwamfutar shagon, suna da lamba da komai, ya kashe kiran murya zuwa wayoyin mutane. Ya duba, babu Garba. Ya sake dubawa bayan sallah, babu Garba. Ya gaya wa Hajiya an kashe maganar.

"Ka tabbata?"

"Gwaggo, ko shi Garban ya zo neman kansa a ciki ba zai samu ba."

Ya koma shirin buɗe Tsafe. Ya sa aka kafa rumfa a gaban sabon shagon, aka jera kujeru, aka rataya farin zane don majigi, aka yi hayar janareta da manyan lasifiku. Ya sa aka sayo babbar riga mai aiki, kyautar gwarzon abokin ciniki, wanda na'ura za ta zaɓa da kanta a gaban jama'a. Tunda an share Garba, ya san Ardo za ta kira. Ya aika har Bilbis da Mada a gayyato mutane, ya ce a gaya musu za su ga abin da ko a Kano ba a fara ba.

Ranar ta zo, rumfa ta cika. Makiyaya sun zauna gefe ɗaya da sandunansu, Ardo Isma'ila a gaba. Hajiya tana kusa da ƙofa da makulli a hannu. Garba bai zo biki ba, kaya ya kawo, yana ta sauke angurya ta gefen rumfar da rawani ya rufe rabin fuskarsa.

Faruk ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce daga yau ciniki ya bar hannun ɗan Adam mai mantuwa. Ya ce abin da aka ajiye a rumbun intanet ko gobara ba ta cin sa. Sannan ya jona sabuwar kwamfutar Tsafe a gaban kowa. Sabuwar kwamfuta ba ta da komai a cikinta, don haka ta roƙi rumbu ya ba ta duk abin da yake da shi. Rumbu ya ba ta. Ta yi godiya ta mayar masa.

"Jama'a," in ji Faruk, yana ɗaga rigar, "ga gwarzonmu."

"Assalamu alaikum, Alhaji Garba," in ji muryar, ta cika kasuwar Tsafe. "Ina gajiya, ina iyali, ina shanu? Shanunka dubu bakwai da ɗari biyu ne. Allah ya ƙara albarka."

Kowa ya juya. Garba yana tsaye da buhu a ka. Bai sauke ba, bai ci gaba ba.

"Gwaji ne!" in ji Faruk. "Wannan gwaji ne kawai. Ga na gaskiyar." Ya laluba ya danna sunan Ardo, wanda shi da kansa ya shigar da lambar ƙaramar wayarsa.

"Assalamu alaikum, Malam Isma'ila. Ba mu ga ka taɓa sayen komai ba. Shanu, babu. In hali ne ya matse, muna da kanwa ta ƙananan ƙulli."

Hajiya ta runtse ido.

Ardo ya dogara sandarsa ya miƙe a hankali. Ya dubi farin zanen, ya dubi Garba, ya dubi 'yan'uwansa. Mutum ne da ya san buhu nawa yake saye, ya kuma san na maƙwabtansa, don haka ya gane shanun wa aka tara.

"Wanga inji mai gaskiya ne," ya ce. "Na gaya wa yaron nan ban da komi, bai yarda ba."

"Duba nawa," in ji wani makiyayi daga baya.

Faruk ya duba. Babu sunansa ma.

"Alhamdulillahi. Duba na ƙanena."

Aka yi layi. Duk wanda aka duba aka ce babu, sai ya yi hamdala ya wuce wajen Garba ya rusuna. "Ranka ya daɗe." "Alhaji, a riƙa tunawa da talakawa." "In ana neman mai kiwo, ina da yara." Wani ya karɓi babbar rigar daga hannun Faruk, wanda bai san ya sake ta ba, aka sauke wa Garba buhu aka zura masa.

"Ardo!" in ji Garba daga cikin rigar. "Kai ka san gaskiya! Anguryar nan gidanka nake kai ta!"

"Ajiya ce kake ba ni, Alhaji. Ban taɓa ci maka amana ba."

Hajiya ta taka da kanta ta kashe janareta. Ardo ya same ta a can, ya yi magana ƙasa-ƙasa, amma Faruk yana kusa ya ji.

"Hajiya, yau injin nan ya tara ya ɗora wa Garba. Gobe zai koyi raba wa kowa nasa. Ko shi a shagon, ko mu."

"An gama, Ardo."

Ta ɗaure makullin a bakin gyalenta ta ja ƙulli biyu. Faruk ya matso.

"Gwaggo, matsalar hanya biyu ce. In kika ba ni zuwa..."

"Tsafe ta wuce ka. Ka cire igiyoyinka ka maida min kwamfutata yadda take. Ran Juma'a kuma ka bi Garba Nahuce, ka tsaya gaban mutane ka sauke mishi shanun da ka ɗora mishi."

Ran Juma'a suka tafi a a-kori-kura. Sau biyu Faruk yana sauka ya tura. Duk da haka ya gaya wa Garba ya kwantar da hankalinsa, shi mutum ne da ya iya magana da jama'a, da jimla biyu zai warware komai.

Bayan an sallame, Liman ya ce jama'a su ɗan dakata, baƙo yana da magana. Faruk ya miƙe a ƙofar masallaci ya gyara murya.

"Jama'a, ni ne na haɗa na'urar nan, kuma babu wanda ya san ta kamar ni. Ina shaida muku cewa Garba ba shi da saniya ko ɗaya. Ko ɗan maraƙi."

Dattawa suka dubi juna suka gyaɗa kai.

"Madalla," in ji wani mai farin gemu. "Haka ake faɗi, yaro. Da tun farko hakan kac ce, da ba a yi wahala ba."

"A'a, Baba, da gaske nake. Babu su."

"Mun ji. Babu su."

"Kuskuren lissafi ne!"

"Ƙwarai kuwa. Ai wanga yaro ya yi hankali," in ji tsohon, yana gaya wa na kusa da shi. "Wa ya ce 'yan boko ba su koyo?"

Garba ya ture Faruk gefe, ya ɗaga yatsa sama. "Jama'a, na rantse da..."

Liman ya yi wuf ya riƙe masa hannu ya sauke shi. "A'a, Alhaji. Kar ka rantse, ranar Juma'a ce. Babu wanda ya tilasta ka. Kowa nan ya yarda ba ka da komi."

Mutane suka fara neman takalmansu. Liman bai saki hannun ba. Ya ja Garba gefe, ya rage murya yadda mutum ashirin kawai za su ji.

"Sai dai su waɗanda ba ka da su ɗin, in shekara ta zagayo, a fitar musu da haƙƙin Allah."